Tsattsewar kogo ta tsibiran Mariyana: tsuntsuwa mai ƙwai ɗaya da macijin da ya zo cikin kayan jirgi

Tsattsewar kogo ta Mariyana wata ƴar ƙaramar tsuntsuwa ce da ke kwana cikin duhun kogon dutse, can take sheƙa, can kuma take ƙyanƙyasa. Asalinta tsibiran Mariyana ne, a yammacin tekun Fasifik. Masana kimiyya suna kiranta Aerodramus bartschi. Mutanen wurin kuwa, wato ƙabilar Chamorro, a tsibirin Guam suna ce mata yayaguak, a tsibiran arewa kuma chachaguak. Tun shekarar 1984 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da ake fargabar su ƙare daga doron ƙasa, kuma har yau ba a cire ta ba.

Abu biyu ne suka haɗu suka sa ta cikin wanga hali. Na farko, ƙwai ɗaya tak take yi, kuma dukkan jinsinta a koguna ƙalilan suke taruwa. Na biyu, wani maciji da ba ɗan wurin ba ya shigo tsibirin Guam cikin kayan jirgi bayan yaƙin duniya na biyu, ya cinye kusan duk tsuntsayen dajin.

Inda take zaune

Tsibiran Mariyana jere suke daga kudu zuwa arewa, sama da kilomita 2,000 gabas da ƙasar Filifin. Guam shi ne babbansu, shi ne kuma na can kudu. Tsawonsa wajen kilomita 50 ne, faɗin ƙasarsa kuma ya ɗan wuce murabba'in kilomita 540. A ƙidayar 2020 an samu mutum kusan 154,000 a cikinsa. Sifaniya ta mulke shi har 1898, sannan ya koma hannun Amurka. Japan ta mamaye shi daga ƙarshen 1941 zuwa 1944, Amurka ta sake karɓe shi, ta kuma kafa manyan sansanonin soja da ke nan har yanzu.

A da ana samun tsuntsuwar a tsibirai biyar: Guam, Rota, Aguiguan, Tinian da Saipan. Yau saura uku. A Tinian babu ita, a Rota ma tun shekarun 1970 ta ɓace. Mafi yawansu suna Saipan, inda ƙidaya ta nuna sun haura 5,000 cikin koguna wajen goma. A Aguiguan, wani ɗan tsibiri da ba kowa ke zaune cikinsa, akwai ƴan ɗaruruwa. A Guam kuwa wajen 1,000 ne, kuma dukkansu cikin koguna uku: Mahlac, Maemong da Fachi, waɗanda ke cikin filin ajiyar makamai na sojan ruwan Amurka a kudancin tsibirin. Mahlac shi ne mai mafi yawa.

Akwai kuma wani ɗan rukuni can nesa, a tsibirin Oahu na Hawai. A 1962 da 1965 aka kwashi wasu daga Guam aka kai can aka saki. Sun samu wani rami da mutane suka haƙa cikin dutse a kwarin Halawa, suka mayar da shi gida, jikokinsu suna nan har yau.

Kamanninta da danginta

Tsawonta santimita 11 ne ko kusa da haka, nauyinta kuma bai kai giram 10 ba, wato ko ƙwayar sukari biyu ba ta cika ba. Bayanta baƙi-baƙi ne mai ruwan toka, cikinta ya fi haske. Fikafikanta dogaye ne sirara, sun lanƙwasa kamar lauje, wutsiyarta kuma tana da ɗan tsagu kaɗan. Bakinta guntu ne, amma in ta buɗe shi yana da faɗi ƙwarai, don da shi take kama ƙwari cikin iska. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Edgar Mearns shi ya fara bayyana ta a kimiyyance a 1909, ya kuma raɗa mata sunan wani masani, Paul Bartsch.

Danginta su ne waɗanda masana ke kira Apodidae, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta marasa ƙafa. Ba wai ba su da ƙafa ba ne. Ƙafafun ne gajeru ainun, ba sa iya tafiya da su a ƙasa, ba sa iya zama bisa reshe. Abin da suke iyawa shi ne maƙalewa jikin bango ko rufin kogo da farata.

Mu ma nan ƙasarmu muna da ƴan'uwanta. Tsattsewar nan siririya da kuke gani tana kewaya giginya ko goriba, wadda ke manna sheƙarta jikin ganye da miyau, har ƙwan ma ta manna shi kada ya faɗo, dangi ɗaya ce da ita. Haka ma wadda ke taruwa ƙarƙashin gada da lungun manyan gine-gine. Amma fa a lura, akwai wasu da mu duk tsattsewa muke ce musu, masu gina sheƙa da laka, masu jeruwa bisa wayar lantarki. Waɗannan kama ce kawai, ba dangi ba ne. In kun ga ta zauna bisa waya, to ba ta cikin wanga gida.

Yadda take tafiya cikin duhu

Cikin kogo akwai inda hasken rana ba ya kaiwa ko kaɗan, kuma can ne tsuntsuwar ta fi son yin sheƙa. To ta yaya take shiga da gudu ba ta karo da dutse? Da kunne take gani, in ji masu iya magana. Tana fitar da wata ƙara gajeruwa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, sai ƙarar ta bugi bango ta dawo mata. Daga lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo take gane nisan bangon. Sauti yana cin wajen mita 340 a daƙiƙa guda. Ke nan in bango yana nisan mita 17, zuwa da dawowa mita 34 ne, ƙarar za ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. In ta matso kusa da sheƙarta sai ta ƙara saurin ƙarar, don ta san daidai inda za ta maƙale.

Jemagu masu cin ƙwari ma haka suke yi, amma akwai bambanci. Ƙarar jemage ta yi sama da yawa, kunnen ɗan Adam ba ya jin mafi yawanta, kuma da ita yake farautar ƙwaro cikin dare. Ta tsattsewar kogo kuwa mutum yana jinta sarai, kuma ba ta da kaifin da za ta nuna mata ƙaramin ƙwaro. Hanya kawai take nuna mata. Farauta da ido take yinta, da rana. A duk tsuntsayen duniya, iri biyu kaɗai aka sani da wagga baiwa: tsattsewar kogo ta Asiya da tsibiran teku, da wani tsuntsun kogo mai cin ƴaƴan itace a Kudancin Amurka.

Abinci, sheƙa da ƙwai

Da asuba suke fita kogo, su yini suna shawagi bisa daji da kwari da bakin tudu, suna kama ƙananan ƙwari. Da masana suka bincika kashinsu da ke tare a ƙasan kogo, sun tarar tururuwa masu fiffike da danginsu su ne mafi yawa cikin abincin. Da almuru sai su komo. Lokacin ne ma'aikata ke zama bakin kogo suna ƙirga masu shiga, kuma ta haka ake samun ƙidayar da muka ambata.

Sheƙar kamar rabin ƙoƙo take, ƴar ƙarama. Da gansakuka da ƴan tsirrai take gina ta, ta haɗa su da miyau mai danƙo, ta manna jikin bango ko rufin kogo, can sama. Wasu danginta na Indonesiya, Maleshiya, Tailan da Biyetnam da miyau zalla suke gina tasu sheƙar, kuma ita ce ake ɗebowa a sayar wa ƴan Sin su yi miya da ita, kilo guda har dubban dalar Amurka. Ta Mariyana ba ta shiga wanga kasuwa ba, tunda ciyawa ta fi yawa a cikin tata. Ta nan dai ta huta.

Inda take da rauni shi ne haihuwa. Ƙwai ɗaya fari take yi. Kwanci yana wuce mako uku, ya ɗan fi na kaza da ke kwana 21. In an ƙyanƙyashe, ɗan sai ya yi sama da wata ɗaya da rabi cikin sheƙa iyaye na kawo mishi abinci kafin ya iya tashi. In kun haɗa, sama da wata biyu ke nan ana wahala kan ɗa guda. Kaza ko zabuwa in ta yi asarar ƴaƴa biyar, tana da sauran. Ita wannan in sheƙa ta faɗo, ko maciji ya haɗiye ɗan, aikin wata biyu ya tafi, sai a sake daga farko. In kuma uwa ko uban aka kama, asarar ta fi haka, don an rasa duk ƴaƴan da za su yi nan gaba. Shi ya sa irin waɗannan tsuntsaye in suka ragu, komawarsu yadda suke tana ɗaukar shekaru.

Baƙon da ya zo da zama

Macijin sunansa Boiga irregularis, mai ruwan ƙasa, mai hawan itace, kuma da dare yake farauta. Asalinsa Papuwa Sabuwar Gini, tsibiran Solomon, gabashin Indonesiya da arewaci da gabashin Ostareliya. Yawanci tsawonsa mita 1 zuwa 2 ne, amma a Guam an samu mai mita 3. Dafinsa ba shi da ƙarfi ga babban mutum, sai dai yana da haɗari ga jarirai. Masana sun tafi a kan cewa cikin kayan soja da aka kwaso daga yankin Sabuwar Gini ya ɓuya, jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu. A shekarun 1950 aka fara ganinsa kusa da tashar jiragen ruwa ta Apra.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wanga baƙo kam da zama ya zo. Ya tarar da tsibirin da babu abin da ke cinsa, ga kuma tsuntsayen da tun kakanninsu ba su san maciji mai hawa itace da dare ba, balle su san yadda za su kare ƙwansu. Ya yi ta hayayyafa yana bazuwa daga kudu zuwa arewa, har aka taɓa ƙiyasta yawansa ya kai kusan miliyan 2. Duk inda ya isa, sai kukan tsuntsaye ya ɗauke. An daɗe ana zargin cuta ko maganin ƙwari, sai a 1987 wata masaniya, Julie Savidge, ta wallafa binciken da ya tabbatar macijin ne.

Cikin irin tsuntsayen daji 12 na asalin Guam, 10 sun ɓace daga dajin tsibirin. Wasu sun ƙare har abada, tunda babu su a ko'ina sai nan. Wasu biyu, ko'ko' mai gudu a ƙasa da sihek mai dogon baki, sai da aka kwashe ƴan tsirarun da suka rage a shekarun 1980 aka dinga kiwonsu cikin keji. Biyu ne suka tsira da kansu: wani baƙin tsuntsu da ake kira sali, da tsattsewar kogo. Abin da ya taimaki tsattsewar shi ne yini take cikin iska, kuma sheƙarta tana can saman kogo inda hawa ke da wuya. Duk da haka, ita da a da take cike da tsibirin, a shekarun 1980 ƴan ɗaruruwa suka rage.

Kuma macijin bai bar ta ba. Yana hawa bangon kogo ya laɓe kusa da inda suke kwana ko inda suke wucewa. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna macizan da ake kamawa cikin kogunan da tsuntsayen ke ciki sun fi ƙiba, kuma ana samun tsattsewa cikin cikinsu. A wannan shekarar ce kuma aka bayyana wata dabarar hawa da ba a taɓa gani ga maciji ba: yana zagaye turke mai santsi da jikinsa kamar zobe, ya dinga turawa sama a hankali, kwatankwacin yadda mai hawan giginya ke yi da igiya.

Ɓarnar ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. Hawan turakun lantarki da yake yi ya jawo ɗaukewar wuta sama da sau 1,600 tsakanin 1978 da 1997. Da masu cin ƙwari suka ƙare, gizo-gizo ya yi yawa: binciken 2012 ya tarar da damina saƙarsa a dajin Guam ta ninka ta tsibiran maƙwabta sau 40. Da masu cin ƴaƴan itace suka ƙare kuma, babu mai yaɗa iri. Binciken 2017 kan itatuwa iri biyu ya ƙiyasta sabon tsironsu ya ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin 100.

Sauran matsaloli

Maciji ba shi kaɗai ba ne, tunda a Rota ba a san shi da zama ba amma tsuntsuwar ta ɓace. Masana suna zargin maganin ƙwari, musamman DDT da aka yi ta fesawa a tsibiran bayan yaƙi, wanda ke rage ƙwarin da take ci. Lokacin yaƙin kansa, soja da fararen hula sun ɓuya cikin koguna, an kuma yi faɗa a bakinsu, musamman a Saipan a 1944. Akwai kuma masu shiga ɗebo kashin tsuntsu don taki, da masu shiga kallo da fitila da hayaniya. Tsuntsuwar da ke kwance kan ƙwai in aka firgita ta, takan tashi ta bar shi.

Sai ƙananan maƙiya. Kyankyaso yana cin miyau ɗin da ya riƙe sheƙa, har ta saki ta faɗo da ƙwai ko ɗa. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka jikin sheƙa, nauyin ya ja ta ƙasa. A Hawai ɓeraye ne ke musu ɓarna. A Aguiguan awakin da suka koma na daji suna cinye tsiron itatuwa, dajin da take kiwo a samansa yana lalacewa. Ga kuma mahaukaciyar guguwar teku da ke yawan ratsa yankin, kamar Pongsona a Disamban 2002, Yutu da ta daki Saipan da Tinian a Oktoban 2018, da Mawar da ta daki Guam a Mayun 2023. Irin wannan guguwa tana kakkarya daji, tana hana tsuntsaye fita kiwo. Jinsin da ya bazu wurare da yawa yana iya jure haka. Wanda duk ya taru a koguna uku kuwa, masifa guda tana iya shafar su gaba ɗaya.

Abin da ake yi

A 1991 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta fitar da tsarin farfaɗo da tsuntsuwar. Aikin farko shi ne tsaron kogo. Kogunan Guam suna cikin filin soja, ba mai shiga sai da izini, wannan ya rage damun mutane. Tun wajen shekarar 2000 ake kafa tarkon maciji kewayen Mahlac. Tarkon keji ne na waya, da ɓera mai rai a wani ɗan ɗaki daban cikinsa. Maciji ya shiga don ɓeran, ba ya kai gare shi, ba ya kuma iya fita. Ma'aikata suna shiga kogon da dare da fitila suna kama macizai da hannu. Bayan an fara wanga aiki yawan tsuntsayen Guam ya hau, daga ƴan ɗaruruwa har ya wuce 1,000. A Saipan kuma, da aka sa maganin kyankyaso cikin koguna, an samu ƙarin sheƙar da ke tsayawa.

Wata dabara mai ban mamaki ita ce farasitamol, wanda kowa ya sani na ciwon kai. Ga wanga maciji guba ne: yana hana jininsa ɗaukar iskar numfashi, ya mutu. Miligiram 80 ya isa, alhali ƙwayar da babban mutum ke sha miligiram 500 ce. Ana sa shi jikin mataccen ɗan ɓera a ajiye cikin bututu, ko kuma a sako shi daga jirgi mai saukar ungulu, an ɗaura mishi zaren takarda don ya maƙale a reshe inda macijin yake. A Disamban 2013 an sako ɓeraye 2,000 a sansanin sojan sama na Andersen. Wannan fa aikin ƙwararru ne da aka auna, don maganin yana kashe kyanwa ma.

Sauran tsuntsayen da aka yi kiwo cikin keji su ma an fara mayar da su daji, amma a wasu tsibiran. An saki ko'ko' a Rota da kuma ɗan tsibirin Cocos da ke kudu da Guam, sihek kuma a 2024 aka sake shi a tsibirin Palmyra. Sai dai a 2020 an gano macijin ya isa Cocos, aka koma farautarsa can ma.

Inda maganar take yanzu

Babu wanda ya kai ga kawar da macijin daga Guam baki ɗaya. Abin da ake iyawa shi ne rage shi a wurare ƙalilan, kamar bakin kogunan nan uku, kuma aiki ne da ba a dainawa, don da an janye tarko wasu macizan ke maye gurbi.

Babban abin tsoro yana Saipan. Can mafi yawan tsattsewar kogo ta Mariyana suke, kuma tsakaninsa da Guam wajen kilomita 200 ne kawai, jiragen sama da na ruwa suna kai da komo. An sha ba da rahoton ganin macijin a Saipan, amma har yanzu ba a tabbatar ya kafa zuri'a ba. Shi ya sa tun 1993 ma'aikatar noma ta Amurka ke binciken kayan da ke fita daga Guam da karnukan da aka horar su shinshino maciji, ana kuma kafa tarko kewayen filin jirgi da tashar ruwa. A 2004 majalisar Amurka ta yi doka ta musamman kan yaƙi da shi. Rigakafi ya fi magani: macijiya guda mai ƙwai in ta kuɓuce cikin kwantena ta sauka Saipan ba a gani ba, abin da ya faru a Guam yana iya maimaituwa, kuma a wannan karon kan rukuni mafi girma da ya rage wa tsuntsuwar.